Zane Ɗaya, Mutum Ɗaya

Djougou, watan Rajab, 1985

Zuwa ga taubashina Moutari baduku, unguwar Albarika, Parakou.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Zuwaira da abin da ke cikinta, Allah ya raba su lafiya. Mu nan ƙalau muke, sai ciwon bayan nan da ba ya barina in na daɗe a zaune. An yi ruwan fari ranar kasuwa, masu goro suka yi ta gudu da huhunansu.

To bawan gidanmu, ga aikinka nan na ba Habou direba. Fuskokin takalman mutanen da ka kwatanta mini ne, na ma'aikacin jirgin ƙasa da na ɗan ƙwallo da na angon nan da ka ce ba ya dariya. Kai naka mai sauƙi ne, ka ɗinka su a jikin farin tenis na kanti, ka sha yabo a gari. Ni da na tsiyaye idona a kan fata ina zane ba wanda ya san da zamana. Ba komai, uwar ɗaki ba ta gasa da bawanta.

Akwai ɗauri ɗaya daban cikin shuɗin ƙyalle. Wannan na ɗan riƙonka ne. Na ji bana zai zauna jarrabawar bak ta gama sakandare, kuma Habou ya ce ya gan shi a tasha da wani takalmi da ya wangale baki kamar yana jin yunwa. A gidan baduku! Ka ji kunya, Moutari. Ka ɗinka masa kafin Sallah, in ya tambaya ka ce ragowar aiki ce. Ka sayi tenis ɗin da ya ɗan fi ƙafarsa, ka bar wuri kamar yatsa biyu a gaba. Ubansa, Allah ya jiƙansa, sai da ya yi aure ƙafarsa ta daina girma.

An ce mini har ka sa an rubuta maganar Baba da faransanci a allon shagonka. Da yana raye da ya yi maka dariya, amma da ya ji daɗi. A kan buzu ɗaya ya koya mana ni da kai, kuma magana ɗaya ya fi maimaitawa: zane ɗaya, mutum ɗaya. Ka riƙe ta ko da kasuwa ta yi tauri.

Ka gai da Zuwaira. Ka ce wa yaron ya yi karatu.

Uwar ɗakinka, Tsahara.

*

Parakou, farkon Sha'aban

Zuwa ga Tsahara mai kiran kanta uwar ɗakina.

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso lafiya, mu ma lafiya muke. Zuwaira ta yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura, amma ungozoma ta ce ba abin tsoro. Ciwon bayanki kuwa tsufa ne, ki daina ɗora wa aiki laifi.

Ango ya ga nasa ya yi dariya, har haƙorin da yake ɓoyewa ya fito. Kin ci wannan.

Sai maganar shuɗin ƙyalle. Ragowar aiki, kika ce? Ni za ki yi wa wannan? Na buɗe na ga sawun zabo an jera shi da korino, wannan koren naki da ba mai iya haɗa shi, an kewaye shi da jan karan dafi, ɗinki ƙanana kamar ƙwayar riɗi. Ina gani na gane. Ina tsakar gidan Kawu, babanki, ranar da Tahirou ya fara tafiya yana bin zabbi, kina bakin murhu kin juya baya wai ba ki gani ba, alhali tuwo yana ƙonewa a gabanki. Ɗanki ne na fari, ba kya kama sunansa, na sani, ni zan kama miki shi: Tahirou, Tahirou, Tahirou. Ki zo ki hana ni.

Na yi aikin yadda kika ce. Na feɗe gefen tenis ɗin, na kwantar da fatar, na ɗinke da basilla, na cire igiyar kanti na sa ta fata da na kitsa, na bar wurin yatsa biyun. Da na miƙa masa na ce ragowar aiki ce. Ya juya shi, ya shafa ɗinkin da babban yatsa, ya ce, "Kawu, wannan ɗinkin hagu yake kwantawa. Kai kuwa da dama kake aiki." Ya shige ɗaki da shi. Na ce ya ajiye sai Sallah, ya ce to.

Garin dai ba daɗi. 'Yan lise, ɗaliban babbar sakandare, sun daina shiga aji, sun ce sun gaji da noman gonar makaranta da waƙar juyin juya hali ciki ba komai. An ƙara shingaye a hanya, ana buɗe kaya, har wasiƙu ake dubawa. Na ja kunnen yaronki. Ya ce mini to, irin to ɗin ubansa.

Bawan Allah, ba naki ba, Moutari.

*

Parakou, ƙarshen Sha'aban

Tsahara,

Assalamu alaikum. Jikinmu lafiya. Wannan takardar ba ta hannun Habou za ta zo ba, don bakinsa ba shi da ƙyaure, motarsa kuma a kowane shinge sai an zazzage ta. Na ɗinke ta cikin tafin takalmin Jatau yayan Zuwaira, mai fataucin shanu, shi ta daji yake bi. Ki karanta ki ƙona.

Tahirou bai jira Sallah ba. Ranar da 'yan makaranta suka fito kan titi ya sa takalmin, ita ce sawarsa ta farko. Aka tarwatsa su da duka. Ya gudu, ya haura katangar wani gida a unguwar Banikanni, ƙafar hagu ta sulluɓe ta faɗi. Tare da ita jakar da yake rataye da ita ta faɗi, cike da takardun da suke rabawa na zagin gwamnati. Ya shigo mini da la'asar da takalmi ƙafa ɗaya, fuskarsa kamar toka. Ba a ga fuskarsa ba a wurin, amma wanda ya tsinci jakar ya tsinci takalmin.

Sun zaga da shi wurin dukawan gari, kowa ya gani sai ya ce aikin Moutari na Albarika ne. Ban ga laifinsu ba, ko makaho ya shafa ya sani. Shekaranjiya suka zo, su biyu, cikin fararen kaya kamar masu zuwa ɗaurin aure. Ni ƙafa nake fara kallo, na ga takalman bariki ne. Babban ya ajiye tenis ɗin a kan tebur ya ce, "Kamarad, wa ka yi wa wannan?"

Na ce ban sani ba. Na ce kaya ne da ke zuwa mini daga Djougou da yawa, na sayar wa mutane barkatai, matafiya da 'yan jirgi, ba zan iya tunawa ba.

Ya fita ya tsaya yana karanta allona, ya dawo yana murmushi. Ya ce, "A nan an rubuta zane ɗaya, mutum ɗaya."

Na ce tsohon allo ne, kasuwa ta koya mini hankali, na daina wannan taƙamar.

Ya ce, "Bon. In da yawa yake zuwa, ka nuna mini irinsa kafin azumi ya raba, sai in yarda. In ba haka ba za mu taimaka maka ka tuna. An ce akwai ɗan lise a gidanka."

Tsahara, kin ga inda muke. In takalmin nan guda ne a duniya, na mutum guda ne, kuma a gidana za a fara nema. In yana da 'yan'uwa a ƙafafun mutane, ya zama kayan kasuwa, ba mai shi. Da zan iya da na zauna na yi da kaina. Amma sun tafi da shi, sun ce za su kawo wani baduku ya jera ya gwada, kuma ke bahaguwa ce, ɗinkina ba zai kwanta irin naki ba, koren nan ma ba ni da shi. Sun hana ni barin gari. In na fitar da yaron yanzu, na faɗa musu da bakina ke nan, ga shi kowane shinge ɗan makaranta ake nema. Yana nan yana zuwa masallaci da silifa kamar ba komai.

Ƙafar daman na warware fuskar, na ƙona sauran. Fatar ban iya sa mata wuta ba, na naɗe ta na ɗinke cikin gidan laya, tana rataye a ɗakin Zuwaira.

Na san abin da nake roƙo. Maganar Kawu nake cewa ki taka, a kan zanen da kika fi so. Ki taka ta. Ki yi sawun zabon nan sak, da yawa, ki aiko. Zan ba Habou wata 'yar takarda ta ciniki wadda ko an buɗe ba komai, don a ga oda ce irin ta kullum. Allah ya rufa mana asiri.

Moutari.

*

Parakou, jajibirin azumi

Zuwa ga Tsahara mai zanen fata, Djougou.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan kuna lafiya, Allah ya sa mu ga watan da alheri.

Ina son zanen sawun zabo, irin na shuɗin ƙyalle, wanda kika saba aiko mini da yawa. Ki yi shi sak, kore da ja, gwargwadon abin da hannunki zai iya, ya iso kafin tsakiyar azumi. Ki ajiye duk wani aiki. Sauran bayani yana wurin Jatau. Ba wasa nake ba.

Moutari.

*

Djougou, makon farko na azumi

Zuwa ga Moutari, da fatan azumi bai taɓa maka kai ba.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mun ɗauki azumi lafiya, ya ibada? Ruwa ya sauka sosai, hanyar ku ta fara cin motoci, Habou ma sai da ya kwana a hanya.

Na karanta takardarka na yi dariya har na sarƙe. Wanda na saba aiko maka da yawa? Yaushe? A mafarkinka? Kuma wai ba wasa kake ba. Haka ka rubuta shekarar da ka ce shagonka ya ƙone, na bar rini a wuta na hau mota ina kuka, na iso na tarar kana yanka ragon suna kana ƙyaƙyata dariya. Tun ranar na gane cewa in ka ce ba wasa kake ba, wasan ne ya kai wasa.

Amma na sake karantawa da safe, dariyar ta tafi. Ko gaisuwar kirki babu, ba ka tsokane ni ba, ba ka ce komai a kan yaron ba. Sai na ce to, watakila da gaske yake. Wani mai kuɗi ya gani a ƙafar yaro ya yaba, bawan gidanmu ya hango kasuwar Sallah. In haka ne, Moutari, kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma ka ba ni kunya. Ka goge allonka tukuna kafin ka aiko mini irin wannan.

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, tunda ka sa ni dole. Yaron nan ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa goya shi a gaban mutane ba, kakarsa ce ta raine shi, in ya faɗi ya yi kuka ni sai in kalli bango. Haka aka yi wa kowa, ban ce an zalunce ni ba. Amma ina da zuciya. Abin da bakina bai faɗa masa ba tun yana tsumma, shi na zauna na faɗa da basilla, na yi wata biyu ina faɗa. Shi ne kake so in zuba a faranti a kasa a kasuwa, kowane ɗan iska mai kuɗin tenis ya taka? Ko Baba bai kafa doka ba, wannan ba zan maimaita shi ba.

In masu nema sun matsa, ka kwatanta mini su ɗaya-ɗaya, in yi wa kowa nasa, wanda ya fi wancan kyau ma in suna so. Jatau kuwa ban ga ko ƙurarsa ba. An ce ruwa ya datse su da shanu a wani rafi, sun koma ta arewa.

Ka gai da Zuwaira. Fushi nake da kai, amma ka sha ruwa lafiya.

Tsahara.

*

Djougou, goman ƙarshe na azumi

Moutari,

Assalamu alaikum. Ban san ko kuna lafiya ba, kuma ba ni da bakin tambaya.

Jatau ya iso. Ya zauna a zaure ya cire takalminsa ya miƙo mini, ya ce kai ka ce in farke tafin. Shi bai san abin da ya taka ya zo da shi ba, yana ta ba ni labarin saniyar da ruwa ya tafi da ita. Na karanta a tsaye. Da na kai wurin da ka ce kafin azumi ya raba, na lissafa kwanakin, na ga ya raba tuni.

Na ƙona ta kamar yadda ka ce. Na mayar wa kowa aikin Sallarsa, wata har zagina ta yi a ƙofar gida. Daga sahur zuwa shan ruwa ban ɗaga kai ba. Ashe hannu ba ya mantuwa, na biyun ya fito kamar na farko, na ukun ma haka, har na daina jin komai ina yi. Ga abin da na samu nan cikin buhun gero, a ƙasa, Habou ya ɗauka gero ne na Zuwaira. Wasu suna tafe.

Ka ce musu hanya ce ta lalace, kowa ya san ta lalace. Ka roƙe su. Ka ba su duk abin da ke shagon. Wasiƙata ta baya ka yaga ta, kada yaron ya gani.

Don Allah ka amsa mini ko da layi ɗaya ne. Me ya sa ka yi shiru tun farkon wata?

Tsahara.

*

Parakou, bayan Ƙaramar Sallah

Zuwa ga Yaya Tsahara.

Assalamu alaikum. Ni ce Zuwaira. Ki yi haƙuri da rubutuna, maigidan ba ya iya riƙe alƙalami yanzu. Na sauka lafiya, mace aka samu, tana shan nono. Wannan ita ce lafiyar da zan iya ba ki labari.

Yaya, buhun ya iso, amma ya tarar an gama.

Da azumi ya raba mutanen nan suka dawo. Maigidan ya nuna musu wasu takalma da ya yi da hannunsa, don ya gwada sa'arsa da ya ji shiru daga wurinki. Badukun da suka kawo dattijo ne, ya jera, ya daɗe yana dubawa. Suka daka masa tsawa, ya ce ba hannu ɗaya ba ne. Suka tafi da maigidan a mota, ko hularsa bai ɗauka ba.

Ba mu san inda yake ba sai da wani mai kai musu itace ya faɗa mana. Ya ce tambaya ɗaya suke yi masa, shi kuma amsa ɗaya yake bayarwa, kuma a hannu suke dukansa tunda sun san da shi yake ci. Na yi ƙoƙari kada Tahirou ya ji, amma a gabansa mutumin ya yi maganar. Ya daina cin abinci ko an sha ruwa. Na ce masa kawunka ya ce ko me za a yi kada ka motsa. Ya ce to.

Da safe ya yi wanka, ya ɗebo mini ruwa ya cika randuna, ya fasa mini itace mai yawa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Inna Zuwaira, hannun da ya ciyar da ni ne ake karyawa." Na riƙe rigarsa, ga ni da ciki haihuwa yau ko gobe, ya zare hannuna a hankali. Da ƙafarsa ya je ya ce takalminsa ne, jakar ma tasa ce, kawunsa bai san komai ba.

Washegari suka sako maigidan. Yatsun hannun damansa uku ba sa lanƙwasuwa. Da buhunki ya zo na zazzage a gabansa, fuskokin suka zubo, sawun zabo ko'ina a tabarma. Ya kalle su ya juya fuskarsa bango. Ban taɓa jin namiji ya yi irin wannan kukan ba.

Ya ce in gaya miki bai ga wasiƙarki ta fushi da ido mugu ba, shi ne ya koya miki rashin yarda da maganarsa. Ki zo in za ki iya.

Ƙanwarki, Zuwaira.

*

Djougou, watan Zulƙida

Zuwa ga Moutari da Zuwaira.

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya. Ya hannun? A ci gaba da gasawa da man kaɗanya, kada a gaji. Ya jaririyar?

Tun da na dawo daga wurinku ba na iya zama a ɗakin aiki. Kullum ina tasha in motar Parakou ta shigo, mutane sun fara gaishe ni kamar ma'aikaciyar wurin.

Akwai abin da ke cina, Moutari, kai ba ka je ƙofar wurin da suka tsare shi ba, ba ka gani ba. Da muka kai abincin, sojan da ke tsaye ya ce wa nake nema. Na ce ɗana. Ya ce sunansa. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, harshena ya ƙi. Sai na juya na kalli Zuwaira, ita ta faɗa. Ya yi dariya ya ce, "Uwar da ba ta san sunan ɗanta ba?" Ya ce babu mai wannan sunan a wurinsu, mu tafi da kwanonmu.

Mai itacen nan bai ƙara jin komai ba? Wasu sun ce an kai su can arewa. In an bari a kai kaya, ku kai masa bargo, sanyin damina ba ya yi masa daɗi a ƙirji.

Tsahara.

*

Parakou, bayan Layya

Zuwa ga 'yar'uwata Tsahara.

Assalamu alaikum. Ni nake faɗa, Zuwaira tana rubutawa. Hannu da sauƙi, ina iya cin tuwo, basilla dai mun rabu. Na sauke allon shagon.

Tsahara, ki yi alwala kafin ki ci gaba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An kira ni ranar Talata. Wani na zaune bayan tebur, ba wanda ya zo shagona ba, ya turo mini ɗauri da ƙafarsa. Ya ce zazzaɓi ne ya kama shi tun watan jiya, an yi magani bai yi ba, an riga an binne. Na ce a ina? Ya ce ba aikinsa ba ne. Na ce wa ya yi masa wanka, wa ya sallace shi? Ya ce, "Kamarad, ka ɗauki kayanka." Na ɗauka.

Riga ce da wando da silifa. Sai takalmin, ƙafar hagun, sun ce sun gama da shi. Mun yi masa salla ba gawa a masallacin unguwa, limamin ya yi ta a gaggauce, mutane kaɗan suka tsaya. Ban ga laifin waɗanda suka zame ba.

Na so in zo da kaina in faɗa miki, har yanzu ba a bar ni in fita gari ba. Ga kayan nan a hannun Jatau, ya ce wannan karon mota zai hau ko shanunsa duka za su mutu. Na haɗa da layar da ke ɗakin Zuwaira, ki farke, fuskar ƙafar daman tana ciki. Na haɗa da buhunki, ban taɓa ko ɗaya ba.

Amana kika ba ni, ban mayar miki da ita ba. Ni na rubuta taƙama a allo don gari ya karanta. Ki yafe mini in kina iyawa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba mu haƙuri.

Moutari.

*

Djougou, watan Muharram

Zuwa ga ɗan'uwana Moutari.

Wa alaikumus salam. Jatau ya iso a ranar da ya taso. Ina nan da rai. Mutane sun yi zaman makoki sun watse, an gode musu. Ina fatan hannunka yana ƙara sauƙi, Zuwaira da yarinyar suna lafiya.

Wannan ne watan da taubasai ke tare juna a hanya da wasa. Bara ka aiko mini da tsintsiya cikin kwalin takalmi. Bana kada ka aiko da komai, ni ma ba zan aiko ba. Maganar yafiya kuwa ka bar ta. Kai hannu ka bayar. In muka fara rabon laifi, ni da kai ba wanda zai tashi da sauƙi, kuma waɗanda suka kashe shi suna can suna cin abincinsu.

Buhun na zauna da shi na warware zaren ɗaya bayan ɗaya. Fatar na ba masu ɗinkin guga. Ba don maganar Baba ba, Allah ya jiƙansa, maganarsa ta isa haka. Ba zan iya ganin sawun nan yana saukowa daga mota a ƙafar ɗan wata ba.

Na farke layar. Na sayi farin tenis a kasuwa na ɗinka fuskar daman da kaina, ɗinkina na haɗi bai kai naka ba, amma ya zauna. Na ajiye su gefe da gefe a kan akwati. Na hagun akwai jar ƙasar Parakou a gefensa, ban goge ba.

Jiya na sa hannu a cikinsa. Sau ɗaya ya saka shi, amma diddigensa ya kwanta, na ji inda babban yatsansa ya tsaya. Na tura hannuna gaba, sai na ji wurin. Yatsa biyu, yadda na ce ka bari, ba ka rage ko kaɗan ba, kai da ba ka taɓa bin maganata daidai ba. Ta nan ya sulluɓe. Na bar masa wuri ya girma, wurin yana nan fari tas.

In an buɗe wannan takardar a shinge, a karanta, ba abin da ya rage a ɗauka. Mai takalmin ɗana ne na fari. Ni na haife shi, ni na yi masa zanen, kuma na san sunansa. Sunansa Tahirou.

Tsahara, uwar Tahirou.